Ina so in sauke Marsandi 230E ƙasa amma taya na gogar fenda, in bari a yanke sifirin?

Tambaya daga wani mai karatu a Kaduna:

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina da Marsandi 230E ƙirar 1984, irin W123 ɗin nan, ta mahaifina ce Allah ya jiƙansa, na fito da ita daga garejin gida na gyara inji na yi mata fenti. Kwanan baya na sa mata rim mai inci 16, a bayansa an rubuta 7.5J ET25, da taya 215/60 R16 tokunbo. Damuwata ita ce motar ta yi tsayi, akwai fili sosai tsakanin taya da fenda musamman a gaba, ina so a sauke ta kamar inci 2. Bakanikena ya ce a yanke zagaye 2 a kowane sifirin shi kenan. Amma tun yanzu ma in na ɗauki mutum 3 a baya na hau bam sai in ji kurrr, kuma in na murɗe sitiyari har ƙarshe taya na taɓa wani abu a gaba. In bari ya yanke?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. A'a, kada ka bari ya yanke tukuna, ka ce masa ya ajiye giranda ya ɗauko tef ɗin awo. Ƙarar da kake ji yanzu tun ba a taɓa sifirin ba ita ce ta gaya maka inda matsalar take, tayar da ka sa ta fi ƙarfin ramin da Jamusawa suka tanadar mata, kuma in ka sauke motar a haka abin da kake ji lokaci-lokaci zai koma kullum.

Akwai abu ɗaya da yawancin masu sauke mota ba su lura da shi ba. Taya tana da hanyar da take bi in mota ta hau tudu ko ta faɗa rami, daga can ƙasa har sama inda robar tsayawa ke tare ta, kuma gajarta sifirin ba ya canza wannan hanyar ko kaɗan, wurin da tayar ke zama a kan hanyar kawai yake matsarwa sama. Saboda haka tayar da za ta iya kaiwa har ƙarshen sama ba ta taɓa komai ba, ko ka sauke motar ba za ta goga ba, wadda kuwa ke taɓa fenda kafin ta kai ƙarshe to dama can tana da laifi, tsayin motar ne ke rufa mata asiri. Taka tana cikin kashi na biyu.

Bari mu yi lissafi, ba wuya. Tayar da aka saba gani a W123 mai rim ɗin alminiyom ita ce 195/70 R14. Lamba ta farko faɗi ne a milimita, ta biyu tsayin gefen taya ne a matsayin kashi cikin ɗari na faɗin, wato kashi 70 na 195 ya ba ka 136.5, ka ninka biyu don sama da ƙasa ya zama 273, ka haɗa da inci 14 na rim wanda shi ne milimita 355.6, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama 629. Taka kuma 215/60 R16, kashi 60 na 215 shi ne 129, sau biyu 258, ga inci 16 wato 406.4, jimla 664. Ka ga ta fi ta asali da milimita 35, rabin wannan, kusan 18, shi ya shiga sama ya cinye filin da ke tsakanin taya da fenda, ɗaya rabin kuma ya ɗaga motar daga ƙasa. Wato wani ɓangare na tsayin da kake kuka da shi kai ka saya da kuɗinka a wajen mai taya. Har agogon gudu ma ƙarya yake maka yanzu, in ya nuna 100 kana kan kusan 106.

Sai batun ET, wanda shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa hob (ƙarfen da ake ɗaure rim a jikinsa), a milimita. In lambar ta yi ƙasa rim ya fito waje, in ta yi sama ya shige ciki. Rim ɗin asali 6J ET30 ne, faɗin inci 6, rabinsa milimita 76, ka cire 30, bakinsa na waje na nisan 46 daga hob. Naka inci 7.5 ne, rabinsa 95, ka cire 25 ya rage 70. To bakin rim ɗinka ya fito waje da milimita 24 fiye da na asali, ta ciki ma ya ƙara shiga da 14 saboda faɗinsa. Taya ta ƙara tsayi, ta kuma matso daidai ƙarƙashin leɓen fenda, ina za ta in ka hau bam da mutum 3 a baya? Kurrr ɗin nan kafaɗar taya ce ke cin leɓen fenda, ka leƙa da tocila za ka ga layi mai sheƙi a gefen tayar ko ɓurɓushin roba a jikin ƙarfen.

Abin da zan yi da motar tawa ce, in rim ɗin ya kwanta maka a rai ka bar shi, ka canza taya zuwa 205/55 R16. Tsayinta 632, bambancin milimita 3 kacal da ta asali, motar za ta sauka da kusan milimita 16 nan take ba a kwance ko noti ɗaya a ƙarƙashi ba, kafaɗar tayar ta ja baya daga fenda, agogon gudu ya dawo gaskiya. Kuma taya ce da ke ko'ina, ba sai ka sha yawo ba. Ka duba lambar ɗaukar kaya, 91 ta wadatar, tana nufin kilo 615 kowace taya, sannan tunda tokunbo kake saya ka karanta lambobi 4 na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen tayar, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Gaskiya ɗaya dai, gefen tayar zai ragu daga 136 na asali zuwa 113, za ka ƙara jin gargada a jikinka kuma rami mai kaifi na iya lanƙwasa rim. Ni a ra'ayina inci 15 ya fi dacewa da wannan mota, 7J ET25 irin na babbar Marsandi W126 da taya 205/60 R15 mai tsayi 627, kyau ya samu laushi bai tafi ba. Ka dai yi hattara da rim ɗin Bi-but, wato W124, da za a nuna maka a Panteka a ce ai duk Marsandi ne. Ramukan noti za su hau, duka 5x112 ne, wato ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 112, amma ET ɗinsu ya haura 40, suna shigewa ciki su je kusa da kan tayarod.

Tunda an zo maganar noti, na W123 M12 ne, wato mai kaurin milimita 12, mai zagayayyen wuya, kuma tsawonsa ya danganta da kaurin rim. Wanda ya yi gajere zare kaɗan zai kama, wanda ya yi tsayi kuma a baya zai zarce ya riƙa bugun kayan birkin hannu da ke cikin dis. In ka ji ƙas ƙas ƙas a baya bayan canza rim, nan za ka fara dubawa.

Na san za ka ce ai ƙaramar taya za ta ƙara buɗe filin da kake so a rufe. Haka ne, shi ya sa yanzu muka zo kan saukewar, kuma Marsandi ta bar maka wata ƙofa da bakanikenka bai ambata ba. A saman kowane sifirin akwai faifan roba da yake zaune a ciki, kamfani ya yi su kauri daban-daban don daidaita tsayin mota gwargwadon nauyin inji da kayan da aka sa mata. Na gaba milimita 8, 13, 18 da 23 ne, na baya 9.5, 14 da 19, ana gane su da 'yan ƙulle-ƙullen da ke gefen robar, ƙulli ɗaya shi ne mafi siriri, kana iya ƙirga su da yatsa ba tare da an kwance komai ba. In naka na gaba mai ƙulli 4 ne ka koma mai ɗaya, ka rage 15 a wajen sifirin, kuma da yake sifirin na zaune a tsakiyar hannun ƙasa ne, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar mota daga ƙasa, ba a bakin taya ba, saukar da za ka gani a fenda ta fi 15 ɗin. Ga araha, ga shi laushin motar bai canza ba, in bai maka ba ka mayar da tsohon.

Kafin ma ka sayi komai ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti ka auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen fenda a kusurwa huɗu, daga tsakiyar rim fa ba daga ƙasa ba, don kada girman taya ya shiga lissafin. Motar da ta haura shekara 40 sau da yawa sifirin ɗin baya ya riga ya gaji ya zauna, sai gaba ya yi kamar ya ɗaga alhali baya ne ya nutse. Yadda ka kwatanta taka, fili a gaba, goga a baya, ina kyautata zaton haka ne, kuma in haka ne yanke zagaye 2 a baya zai kwantar da ita a kan roba ne kawai. Wataƙila ma sabon sifirin take so a baya da siririn faifai a gaba, sai ka ga ta daidaita.

In duk ka yi wannan kana son ƙari, a nemi sifirin da aka ƙera shi gajere tun daga masana'anta, masu sauke milimita 30 zuwa 40, sun fi tauri don su rama tafiyar da aka rage, a haɗa su da shokazoba mai rai, kamfanin Bilstein na yi wa wannan mota. Inci 2 da kake so milimita 51 ne, a titunanmu ya yi yawa, ka tuna botom-filet na inji da salansa suna ƙasa, ga bam ɗin cikin unguwa da kowa ke zuba nasa yadda ya ga dama, ga kwalbatin ƙofar gida. Ni ba zan wuce 30 ba.

Yankan kansa ba wai ba a yi ba ne, ana yi, amma zagaye 2 a tashi ɗaya ganganci ne, abin da aka yanke ba ya dawowa. Sifirin da aka rage wa zagaye yana ƙara tauri amma ba daidai da tafiyar da ya rasa ba, sai mota ta riƙa dukan robar tsayawa tana tsalle kamar akuya, kuma in ya yi gajere sosai yana iya sakin mazauninsa lokacin da taya ta rataya. Wanda ya fi muni shi ne masu gasa sifirin da wutar walda har ya zauna, wannan ya kashe ƙarfen, zai ci gaba da nutsewa ba daidai ba har ranar da zai karye. Kuma don Allah duk wanda zai cire sifirin ɗin gaban W123 ka tabbata yana da abin matsewa irin na Marsandi, mai faranti biyu da sanda ta tsakiya. Dogo ne kuma a matse yake ƙwarai, masu ƙugiya na gefe suna zamewa, in ya kuɓuce yana iya kashe mutum. Na taɓa ganin wanda ya tashi ya fasa kwanon rufin gareji, Allah ya sa ba kowa a gabansa.

Wani abin da zai biyo bayan saukewa shi ne kwanciyar taya. Ƙafar baya ta wannan mota irin hannun nan ne da ke lilo a karkace, duk lokacin da mota ta yi ƙasa saman tayoyin na karkata ciki, kuma kamfani bai sa wurin saita wannan a baya ba. Kaɗan ba laifi, har yana taimaka wa kafaɗar taya ta shige ƙarƙashin fenda, amma in ya yi yawa cikin tayar zai cinye waje na nan sabo fil. A gaba akwai wurin saiti, don haka bayan an gama ka yi tafiyar kwana biyu motar ta zauna sannan ka kai alaimen. A kuma ɗaure notocin bushin lokacin da motar ke tsaye a kan tayoyinta, in aka ɗaure tana rataye a jak robar za ta murɗe ta yage da wuri.

Gogar gaba da kake ji in ka murɗe sitiyari, ga yadda za ka kama ta. Ka goga alli a kafaɗun tayar ciki da waje, ka murɗe har ƙarshe dama ka yi gaba ka yi baya a hankali, ka sake hagu, sannan ka hau kwalbati a karkace da ƙafa ɗaya don ta matse sosai, ka sauka ka leƙa inda allin ya manne. Na baya kuma ka cika tanki, ka sa mutum 3 ɗin nan da buhun shinkafa a but ka bi bam ɗin da ya saba yi maka ƙara. Kana son aƙalla kaurin yatsa tsakanin taya da kowane ƙarfe, ka duba har tiyon birki. In bushin ɗin sandar da ke riƙe hannun ƙasa ya mutu taya na matsawa baya in ka taka birki, sai ta taɓa bayan ramin, wannan gyara yake so ba guduma ba.

Naɗe leɓen fenda shi ne na ƙarshe, bayan an canza taya an ga saura 'yan milimita. Ka ce ka yi sabon fenti, to a ɗumama shi da iska mai zafi kafin a lanƙwasa a hankali, in ba haka ba zai tsage, kuma bakin fendar W123 wuri ne da tsatsa ke so, in akwai foti a ƙarƙashin fentin zai ɓalle ne gaba ɗaya. Bayan an naɗe a shafa maganin tsatsa a cikin lanƙwasar don laka da ruwan damina na taruwa a nan. Tsofaffin faifan roba da sifirin da aka cire kuma ka sa a ɗaure maka su, a rubuta gaba da baya, hagu da dama, ka kai gida ka ajiye, kada ka bar su a garejin.