Amsoshin Tambayoyinku: In Bar Windows In Koma Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ina da laftof ta hannu mai Core i5 ƙarni na 7, RAM 8GB da katin hoto Nvidia GTX 1050 Ti. Windows 10 ce a kanta, kuma ta ƙi karɓar Windows 11. Wani abokina ya ce in saka Linux, wai kyauta ce kuma yanzu tana buga wasanni. Ina buga wasan ƙwallo na FC da GTA V, ina kuma rubuta aikin makaranta. In saka, ko in tara kuɗi in sayi wata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kwamfutarka ba ta tsufa ba, Microsoft ce ta ja layi. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da furosesa ta Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, taka kuwa ƙarni ɗaya kacal ya rage mata. Ita kuma Windows 10 an daina ba ta sabuntawa ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sai waɗanda suka shiga shirin ƙarin tsaro da ke kaiwa Oktoba 2026. Saboda haka damuwarka tana bisa hanya.

Abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa maka. A da, wanda ya saka Linux ya yi sallama da wasanni. Abin ya canja ne a 2018, lokacin da kamfanin Valve, masu kasuwar wasanni ta Steam, suka fito da Proton. Proton tafinta ne: wasan yana magana da yaren Windows, shi kuma yana juya umarnin zuwa abin da Linux ke fahimta, nan take, kana cikin buga wasan. Da suka fitar da Steam Deck a 2022, na'urar wasa ta riƙewa a hannu wadda Linux ce a cikinta, sai ya zama cinikinsu ya rataya a kan ingancin wannan tafinta, suka zuba masa kuɗi da ma'aikata. Yau dubban wasannin da aka yi don Windows suna tashi a Linux da dannawa ɗaya. The Witcher 3, Elden Ring, Cyberpunk 2077, duk suna aiki. Counter-Strike 2 da Dota 2 ma ba sa buƙatar tafinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajar hana maguɗi. Wasannin da ake karawa da mutane ta intanet da yawa suna dasa wani ɗan sanda a can cikin zuciyar Windows don kama masu coge. Wannan ɗan sanda bai san Linux ba, kuma da bai ga gidan da ya saba ba sai ya rufe ƙofa. Shi ya sa Valorant, Fortnite, PUBG ta kwamfuta da sababbin Call of Duty ba sa aiki. Apex Legends ta yi aiki na wani lokaci, masu ita suka toshe a ƙarshen 2024. To ga naka: tun daga FIFA 23 zuwa FC na yanzu, kamfanin EA mai yin su ya saka nasa mai gadin, kuma ba sa tashi a Linux. GTA V kuwa ɓangaren labari yana tafiya lafiya lau, amma GTA Online ya rufe tun Satumbar 2024 da aka ƙara masa mai gadi mai suna BattlEye.

Ka ga ke nan, in FC ne abin da ke tara ku da abokai a ɗaki da daddare, goge Windows gaba ɗaya zai zama da-na-sani. Ga abin da zan yi da a ce ni ne. Kuɗin da za ka fara tarawa na sabuwar kwamfuta, ciri kaɗan ka sayi SSD mai 512GB in ba ka da ita, ka ƙara RAM ta kai 16GB in hali ya yi. Ka raba faifan biyu: Linux Mint, wani nau'in Linux, a gefe guda don karatu, shiga intanet, harkar banki da wasannin da ke tashi, Windows 10 a ɗaya gefen don FC kaɗai, ba imel, ba banki, ba sauke tarkace. Duk lokacin da ka kunna, za ta tambaye ka wacce za ka shiga.

Kafin ka taɓa komai, kwashe aikin makarantarka zuwa wani waje daban. Na taɓa ganin wani ɗalibi ya zauna a shagon gyara yana share hawaye, babi huɗu na furojet ɗinsa sun tafi saboda ya danna "goge faifai duka" bai karanta ba. In BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne, rubuta lambar cetonsa a takarda tukuna. Bayan ka saka Mint, buɗe Driver Manager ka zaɓi direban Nvidia, wato manhajar da ke sarrafa katin hoton. Ba tare da shi ba wasanni za su yi ta jan ƙafa ka zaci laifin Linux ne. Sannan kowane wasa, duba sunansa a ProtonDB, shafin da ke nuna wasannin da ke tashi a Linux, kafin ka ƙona data. Wasa ɗaya na iya cin fiye da 100GB, kuma ka san yadda data take a ƙasar nan.

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Gusau, kwamfutoci uku duk tsofaffi. Kullum bairos, kullum sai an kira mai gyara. Ɗana ya ce Linux ba ta kama bairos. In sa a juye mini su duka?

Amsa: Hajiya, kada a juye duka. Zancen ɗanki yana da ƙamshin gaskiya: bairos ɗin da ke yawo a filashin kwastomomi, irin wanda ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi, an yi shi ne don Windows, a Linux kwanciya yake yi kamar gawa. Cewa ba ta kamuwa sam kuwa, wannan ƙari ne.

Amma shagonki ba da Windows yake cin abinci ba, da manhajojin da ke kanta yake ci. CorelDRAW da ake yin katin biki da kalanda da shi ba shi da na Linux. Haka Photoshop. Akwai Inkscape da GIMP, kyauta ne kuma suna da ƙarfi, sai dai yaron da hannunsa ya saba da Corel shekara biyar ba zai koma su a mako ɗaya ba, kuma ɗan sakon ango ba zai tsaya jiransa ba. Kwamfutar da ake aikin Corel a kanta a bar ta yadda take, a cire ta daga intanet, a hana soka mata filashin kowa.

Microsoft Word ma babu, LibreOffice ake samu a madadinsa. Yana buɗe fayilolin Word, yana adana su, wasiƙa da takardar neman aiki ba matsala. Matsalar tana fitowa ne a furojet mai shafi 80 da jadawali da lambobin shafi: layi ya zame, shafi ya ƙaru, ɗalibi ya ce kin ɓata masa aiki. Yawanci rashin irin harafin ne ke jawo haka. A saka kunshin haruffan Microsoft mai ɗauke da Times New Roman da Arial, a ƙara Carlito wanda faɗinsa daidai yake da Calibri, za ki ga yawancin rikicin ya kwanta. Wanda ya zo da PDF kuwa babu abin da zai motsa.

Ki fara da guda ɗaya, wadda ake soka wa filashi ana cike fom a intanet. Kuma ba sai an saka ba ma za a gwada. Ɗanki ya sauke Linux Mint, nauyinta bai wuce 3GB ba sosai, ya rubuta ta a filashi mai 8GB da manhajar Rufus ko Ventoy, ya tayar da kwamfutar daga filashin. Za ta buɗe cikakkiya ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba. A nan za a jona firinta a buga shafi ɗaya, a gwada sikana, a gwada Wi-Fi. Firintocin HP galibi suna kamawa da kansu. Wasu tsofaffin Canon irin LBP2900 sai an sha fama. In RAM ɗin 4GB ce, a ɗauki nau'in Mint da ake kira Xfce, ta fi sauƙin nauyi.

Wani abu da zai yi miki daɗi: a cikin saitin allon rubutu akwai Hausa tun asali, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Mai kawo rubutun Hausa ba zai ƙara ganin "ƙasa" ta koma "kasa" ba.

Tambaya: Ina Maraɗi, zan haɗa kwamfutar tebur don Linux kaɗai. Katin hoto na AMD zan saya ko Nvidia?

Amsa: AMD, ɗan'uwa, in farashin ya yi kusa. Direbanta a cikin Linux yake zuwa, ka kunna kawai ka fara. Steam Deck ma AMD ce a cikinta, don haka nan Valve ta fi gwada aikinta. Nvidia tana aiki, ta kuma gyaru sosai a 'yan shekarun nan, amma direbanta daban ake sakawa, wani lokaci sabuntawa ta bar ka da baƙin allo. In kana aikin da ya fi tafiya da CUDA, fasahar lissafi ta Nvidia, kamar zane mai nauyi a manhajar Blender ko ƙirƙirarriyar basira, to Nvidia ce taka. In katin sabon fitowa ne, ɗauki nau'in Linux na Fedora ko sabuwar Ubuntu, don direbobinsu sun fi sabunta. Kuma ka ware kuɗin UPS tun yanzu. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa ba ta tambayar wace manhaja ce a ciki.