Gwaggo, Mayun Kumasi Jini Suke Sha

Gwaggo, daren da muka dawo daga kallon hawan Gani muna shan fura a tsakar gida, kin tambaye ni ko mu 'yan Zangon Kumasi muna da mayu. Baƙi suka yi sallama, maganar ta tsaya. Ga amsar kafin in bar Daura.

Muna da su, har iri biyu. Akwai namu na gado, wanda kakanninmu fataken goro suka tafi da labarinsa: maye mai ƙanƙara a ciki, mai kama kurwa, wanda ake tilasta wa ya tsallake mara lafiya kafin ya sake shi. Kakarmu ta wajen uwa a unguwar Aboabo ta Kumasi aka haife ta, ko Katsina ba ta taɓa gani ba, amma in baƙuwa ta cika kallon jikanta sai ki ji tana gunaguni, "kurwarsa kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa." Tafarnuwa kuwa ba ta rabuwa da bakin zanenta.

Sai na masu ƙasa. Tonawa, wato Ashanti, suna ce wa nasu obayifo. Shi da dare yake barin gangar jikinsa a kan gado, ya tashi sama kamar dunƙulen wuta, ya sha jinin yara, har gonar koko yakan tsotse ta bushe. Mutanen Ewe na yankin Volta suna da adze, mai rikiɗa ya zama ƙwaron nan mai walƙiya da dare, ya shiga ta kafar ƙofa. Da zama ya yi zama, labaran suka cakuɗe. Yaron Zango yau zai ce miki maye yana tashi da wuta yana shan jini, ya rantse haka Hausawa suka ce.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake nunawa da yatsa. Ina yaro ƙanena ya kwanta, tafin hannunsa ya yi fari fat, idonsa kamar an wanke. Nan take matan gida suka ce tsohuwar da ke sayar da dokunu a bakin layinmu ce, don ranar ta shafa kansa. Babanmu bai ce uffan ba, ya saɓa shi sai asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye masa jini. Aka yi masa ƙarin jini, ya tashi. Tsohuwar dai ba ta ƙara samun ciniki a layinmu ba, kuma ban ga wanda ya je ba ta haƙuri ba.

A arewacin Ghana abin ya wuce nan. Akwai sansanoni a Gambaga da Kukuo inda matan da aka kora da sunan maita suke ƙare rayuwarsu. A Gambaga kaza ake yankawa, yadda ta faɗi ƙasa shi ne hukunci. A 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a Kafaba, a bainar jama'a. Majalisa ta amince da dokar hana zargin maita a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba.

A Zango ba ma kai kowa sansani. Malami ake kira, a yi rubutun sha, a tofa Falaƙi da Nasi, sai kuma a daina cin abincin gidan wance ba tare da an faɗa mata dalili ba.

Kin yi mini alkawarin labarin Sarkin Mayun da kika gani kina budurwa. Gobe bayan la'asar ina nan tafe, a ajiye mini fura.