Shin gaiwa ce kakar dabbobin tudu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Na ga an tono gaiwa da ranta daga busasshiyar laka a fadama. Malaminmu ya ce daga irin waɗannan kifaye dabbobi masu ƙafa huɗu suka samo asali. Ina hujja? Kuma gaiwar ce kakarsu?

Amsa: Gaiwa ba kakarsu ba ce, 'yar'uwa ce ta kusa. Hujjar kuwa a ƙashi take.

Ka dubi fiffiken karfasa ko tarwaɗa: siraran ƙayoyi ne da fata ta haɗa su. Dangin gaiwa na dā, waɗanda suka yawaita a zamanin da ake kira Debon, shekaru miliyan 419 zuwa 359 da suka wuce, nasu fiffiken tsoka ne da ƙashi a ciki. Yanzu shafa hannunka. Daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu ƙashi ɗaya ne, daga nan zuwa wuyan hannu biyu, sai ƙanana. Wannan jeri ne aka samu cikin fiffiken Eusthenopteron, kifin da aka tono gawarwakinsa da suka zama dutse a Miguasha ta Kanada. Shi dai kifi ne sosai, bai taɓa taka tudu ba. Ƙoƙon kansa ma kashi biyu ne da mahaɗa a tsakani, alamar da aka san tsofaffin wannan dangi da ita.

Tushensu ya fi haka nisa. A lardin Yunnan na ƙasar Sin aka tono tsofaffin kifayen da ake kira Guiyu da Psarolepis, masu haɗa siffofin rukunoni daban-daban a jiki guda, shi ya sa har yau masana ke muhawara kan gurbinsu. Can kuma aka samu Diabolepis, mai faffaɗan haƙoran murƙushe abinci irin na reshen gaiwa.

Kifin da ya fi suna shi ne Tiktaalik, da masanin kimiyya Neil Shubin da abokan aikinsa suka gano a tsibirin Ellesmere na Kanada a 2004, mai shekaru kusan miliyan 375. Kansa a baje yake kamar na kada, idanu a sama, yana da wuya, amma har lokacin fiffike gare shi, ba yatsu ba. Yatsu sun fito fili a jikin Acanthostega na Girinlan, takwas a kowane hannu, kuma a ruwa yake rayuwa. Wato ƙafa a ruwa ta fara aiki.

Cikin masu rai, an daɗe ana nuna silakant a matsayin mafi kusanci da dabbobin tudu, wani kifin teku mai fiffiken tsoka wanda aka kama a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938 bayan an ɗauka ya ƙare tuntuni. Amma binciken ƙwayoyin gado na 2013 ya nuna dangin gaiwa sun fi shi kusanci da dabbobin tudu. Sai dai gaiwarmu ta bi tata hanyar: fiffikenta ya sirance ya zama zare-zare, ta ƙware wajen shaƙar iska da huhu da kwanciyar rani cikin laka.

Ni ba na son zanen nan na littattafai da ke jera waɗannan kifaye a layi, wannan ya haifi wancan. Rassa ne na dangi guda. A 2010 aka bayyana sawayen wata dabba mai ƙafa huɗu a Zachełmie ta Folan, kuma sun girmi Tiktaalik da shekaru miliyoyi.