Shin Injin Wasan Bidiyo Zai Iya Nuna Mana Tsofaffin Gine-ginenmu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karantar zanen gine-gine a nan Bauchi. Na ji ana cewa da manhajar haɗa wasannin bidiyo ana iya nuna wa jama'a gine-ginen tarihi. Shin hakan zai yiwu a kan ginin ƙasa irin Gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda ake kira Babban Gwani?

Amsa: Zai yiwu, ɗana, kuma ina ganin ginin ƙasa ya fi na dutse buƙatar wannan aiki, domin kowace damina tana cin wani abu daga jikinsa. Injin wasa, irin su Unreal Engine na kamfanin Epic Games, da Unity, da Godot wanda kyauta ne, manhaja ce da ke zana wuri nan take gwargwadon motsin mai kallo. A bidiyo, inda mai ɗaukar hoto ya ga dama nan za ka gani. A injin wasa kuwa, kai ne za ka shiga zaure, ka ɗaga kai ka bi bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, da ido tun daga inda ya taso a bango har inda ya haɗu da 'yan'uwansa a ɗaurin guga, wato rufin da bakuna ke haɗuwa a tsakiyarsa, ka kuma juya rana daga hantsi zuwa la'asar don ka ga yadda haske ke sauka a kan adon bango.

Sai dai injin ba ya auna gini, nunawa kawai yake yi. Awo aiki ne na daban da ake fara yi, ko dai da na'urar leza, ko da ɗaukar ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna waɗanda manhaja irin Meshroom za ta haɗa su zama siffar ginin a kwamfuta. Lokacin da cocin Notre-Dame na Faransa ya yi gobara a 2019, an yi ta yaɗa cewa wani wasan kamfanin Ubisoft na 2014 ne zai taimaka wajen sake gina shi, alhali masu wasan sun canza wasu sassa don daɗin wasa. Abin da ke da ƙimar hujja shi ne awon leza irin wanda marigayi Andrew Tallon ya yi kafin gobarar.

A wajen awon nan ne ginin namu ke da wahalarsa. Bangon tubali ba ya tafiya a miƙe: yana da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama, kusurwoyinsa a murɗe suke, kuma sawun hannun mai yaɓe yana nan a jikinsa. Ɗalibin da ya saba da zanen bulo da siminti zai so ya daidaita layukan, kuma da zarar ya yi haka ya ɓata ginin, ko da hoton ya yi kyau. Cikin soro kuma akwai duhu, ga bango mai launi ɗaya wanda manhaja ke kasa gane sassansa, saboda haka sai ka shiga da fitila mai haske bai ɗaya, ka yawaita hotuna, ka auna wasu wurare da tef don tantancewa.

Babbar fa'idar injin, a ganina, ita ce nuna abin da ido ba ya gani. Kana iya sa mai kallo ya taɓa rufi, yaɓen ya ɗauke, jeren azara na giginya ya bayyana yadda aka ɗaure shi hawa-hawa har baka ya tsaya. Wannan ilimi yana wurin magina, don haka ka nemi Sarkin Magina da dattawan sana'ar, ka naɗi muryarsu suna bayanin makuba (yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa) da indararo da zankwaye (tsinin ado na saman soro), ka sanya ta a daidai wurin da ake maganarsa. Idan kuma ka so dawo da abin da ya rushe, kamar sassan ganuwar Bauchi tsakanin Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti, wajibi ne ka bambanta da launi abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta daga tsoffin hotuna da ruwayar dattawa, domin jama'a suna saurin gaskata duk abin da ya fito fes a allo.

Ka tuna yawancin masu kallonka da wayar hannu za su shiga, ga tsadar data, don haka ka rage nauyin siffar, ka ajiye cikakken awon daban a matsayin asali. Kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya, ka nemi izinin masarauta da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, tun da Gidan Madaki yana cikin wuraren tarihi da gwamnati ta ayyana, kuma a gidan sarauta akwai sassan cikin gida da ba a nuna wa baƙi. Ka fara da zaure ɗaya, ka kai wa maginan su duba a waya su gyara maka, sannan ka wuce zuwa na gaba.