Ga mai jaririn da aka ce huhunsa ya kumbura

'Yar'uwa, wallahi ina karanta tambayarki ina hawaye. Kin ce jaririnki kwanansa 25, numfashi sama-sama, haƙarƙari na lotsawa, hoton ƙirji ya nuna wani sashe na huhunsa ya cika da iska, an ce sai tiyata, kuna tsoron sa hannu. Abin da ya sami ɗana ke nan.

Sati biyu muka yi muna zarya wani asibitin kuɗi. Likitan ko hoto bai sa a yi ba, wai nimoniya ce, allura safe da yamma. Na ce masa yaron nan ba ya iya kama nono, ya ja sau biyu ya saki yana haki. Ya ce ai haihuwar fari ce, shi ya sa nake ruɗewa. A gida kuma dangin miji suka ce fanka nake kunna masa, wata har da cewa a kira wanzami. Daren da leɓɓansa suka yi shuɗi, ƙarfe biyu, babu wuta, babansa na bakin titi yana neman ɗan sahu, ni ina jijjiga shi ina kiran sunansa... har yau na kasa yafe wa likitan nan.

Sai a asibitin Malam Aminu Kano aka yi masa CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, aka ce da ciwon aka haife shi. Bututun iskar wannan sashen ne bai yi ƙwari ba, iska ta shiga ta kasa fita, sai ya kumbura ya danne sauran huhun, har ya ture zuciya gefe. Huhun hagu kashi 2 ne, na dama 3. Na saman hagu suka cire masa, ragowar ya ci gaba da girma.

Ba kowane yaro ake yi wa aikin ba, amma tunda sun ce a yi, ku sa hannu. Ki riƙa ƙirga numfashinsa yana kwance shiru. In ya haura 60 a minti ɗaya, kar ki jira wayewar gari. Turaren wuta da garwashi, fitar da su daga ɗakin. Ki dinga tatsar nono ko yana kan oksijin, nawa ya kusa ƙafewa saboda damuwa. Ku tanadi masu ba da jini tun yanzu.

Yau shekararsa 4, har an sa shi Islamiyya, tabo ne kawai a gefen ƙirjinsa. Allah Ya tashi kafaɗar naki. Yaushe suka ce za a shiga da shi?