Gawayi, gas da tarin yaro: me binciken ya faɗa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, muna zaune a Gadarif, a gabashin Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke cika anbuba, wato tukunyar gas, ya gagare mu, muka koma kan kanun, wato murhun gawayi, kisra kuma, wainarmu ta dawa, da itace. Autana ɗan wata tara ba ya rabuwa da tari. Ni kuma idan sanyi ya shigo muka kwana da garwashi a ɗaki, sai in tashi da ciwon kai da jiri. Na roƙi maigida mu matse mu riƙa cika anbuba ko da jefi-jefi, sai ya nuna mini a wayarsa wai an yi bincike an gano gas ba ya hana yara ciwon huhu, don haka ɓarnar kuɗi ce. Gaskiya ne?

Wata uwa daga Gadarif

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba auta lafiya. Maigida bai yi ƙarya ba, binciken yana nan, kuma za mu zo kansa. Amma bari in fara da ciwon kanki, domin shi ya fi tayar mini da hankali.

Gawayi yana da yaudara. Yawancin hayaƙinsa ya riga ya fita tun a daji lokacin da ake ƙona itacen, shi ya sa idan ya kama ya yi jawur ido ba ya ganin komai. A daidai wannan lokacin yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. A cikin jini akwai sinadarin da ke ɗaukar oksijin ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Wannan iska tana manne masa da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai ta tare wurin. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa sau da yawa ake ɗaukarta maleriya a sha magani a banza. Ga yadda za ki rarrabe: idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kuma aka ji sauƙi bayan an fita tsakar gida, to garwashi ne. Mai barci ba ya jin alamun, yana iya wucewa daga barci zuwa suma. Jariri da mai ciki sun fi kowa shiga haɗari.

Saboda haka kaskon wuta kada ya sake kwana da ku. Maganar cewa in an bar shi a waje har hayaƙi ya ƙare ya zama lafiya, ko a ajiye kwanon ruwa kusa da shi, ba ta da tushe. Haka ma garwashin da ake sa wa mai jego a ɗaki a rufe ƙofa da taga. Duk wanda aka samu ya rikice ko ya suma kusa da kasko, a fitar da shi sarari nan take, a kai shi asibiti a faɗa musu garwashi ne. A iskar waje jiki kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya rage rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa wajen awa ɗaya da 'yan mintoci.

To, binciken maigida. Sunansa HAPIN, an yi shi a Guwatemala, Indiya, Peru da Ruwanda a kan mata masu ciki 3,200. Rabinsu aka ba su murhun gas da gas kyauta, rabi suka ci gaba da itace ko gawayi. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna nauyin jarirai a haihuwa kusan ɗaya ne, bambancin wajen giram 20 kacal. A 2024 aka fitar da na ciwon huhu (nimoniya) mai tsanani da na tsumburewa, nan ma ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. Kafin shi, a 2017, wani gwaji a Malawi a kan yara fiye da 10,000 da ingantaccen murhun itace ya ba da irin wannan amsa. Mu likitoci ba mu ji daɗin sakamakon ba, amma ba a ɓoye shi ba.

Abin da saƙon waya ba ya kawowa shi ne sauran lissafin. A binciken an rataya wa matan na'urar auna ƙurar hayaƙi mai laushi, wadda ƙwayarta ta fi kaurin gashi ƙanƙanta wajen sau 30, har tana kutsawa can ƙasan huhu. Masu gas suna shaƙar wajen maikirogiram 24 na ƙurar a kowace mita kubik ta iska, masu itace wajen 71. Ashe gas ya rage hayaƙin da kashi biyu cikin uku. Amma mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekara shi ne 5, wato masu gas ɗin ma ba su kai ga iska mai tsabta ba, ga hayaƙin maƙwabta, ga ƙona shara. An kuma yi aikin ne a zamanin korona, lokacin da nimoniyar yara ta ragu ko'ina, kuma an bi jariran ne shekara guda. Toshewar huhu, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da yanar ido da hayaƙi ke taimaka wa, shekaru suke ɗauka, kuma a kan mai girki suke sauka, wato ke. Hukumar ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Ni yadda na fahimci binciken: gas shi kaɗai ba rigakafin nimoniya ba ne, sai an haɗa da allurar rigakafi, nono da abinci. Bai wanke hayaƙi daga laifi ba.

Game da auta, ki ƙirga numfashinsa minti guda yana kwance shiru. A shekarunsa, 50 ko fiye ya yi sauri. Idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya yi laƙwas, asibiti a ranar. Tarin da ya wuce mako biyu a duba shi, har da gwajin tarin fuka. Kuma ki daina goya shi a bakin murhu.

Hayaƙi itace ne da kika saya bai ƙone ba. Wuta tana son busasshen makamashi da iska ta ƙasa. Ɗanyen itace sai ya ɓata zafinsa wajen ƙafar da ruwan jikinsa, sai harshen wutar ya huce ya koma hayaƙi. A murhun duwatsu uku, wanda ake ce wa ladaya, abin da ke isa tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin ba. Wani masanin fiziks, Ashok Gadgil, ya je Darfur a 2005 ya ga wahalar mata wajen neman itace, shi da abokan aikinsa suka ƙera murhun ƙarfe mai tare iska, mai riƙe tukunya ana tuƙin asida, wato tuwo, yana cin wajen rabin itacen. Dabarar ba ta gagare ki ba: ki faskara itace ƙanana ki shanya, ki zagaye wutar da laka ko gwangwani, ki bar ƙofar iska, ki rufe tukunya, ki jiƙa wake tun dare. Girki a rakuba (rumfa) ko tsakar gida, ba a rufaffen tukul (ɗakin girki) ba. Leda da roba kuma kada a hura wuta da su.

Wani ɓangaren ya fi ƙarfin gidanki. Matatar man Jaili da ke arewa da Khartum, wadda a da take ba da kaso mai yawa na gas ɗin girki, ta tsaya bayan yaƙin da ya fara a Afrilun 2023, jama'a suka koma kan bishiyoyi, alhali a ƙonawar gargajiya kilo guda na gawayi kan ci kilo biyar zuwa goma na itace. Abin da ke ba ni takaici shi ne ƙasar nan ba ta rasa mafita ba. Kamfanin sukari na Kenana ya buɗe masana'antar etanol, makamashin ruwa da ake samu daga rake, a 2009 mai iya fitar da lita miliyan 65 a shekara, aka riƙa lodinsa zuwa Turai, alhali a Habasha maƙwabciyarmu an girka abinci da murhun etanol a sansanonin 'yan gudun hijira. Ga icen ƙaya na miskit da ya cinye gonakin Kassala da Tokar, ga karan dawa da na riɗi da ake bari a gonakin Gadarif, duk ana iya mayar da su makamashi a bar bishiyoyin talha da hashab su huta.

Ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa likita ya ce a cika anbubar in da hali, ko ba kullum ba. Ki ware gas ɗin don lokutan da dole a yi girki a ciki: ranar ruwan sama, shayin asuba, kunun yaro da dare. Dogon dahuwa irin ful (wake) da kisra su tsaya a waje. Kuɗin gawayin ɗumama ɗaki kuwa a sayi bargo da shi.