Tambayi Likita: An yi wa ɗiyata fyaɗe, dangi sun ce a rufa asiri

Likita, ana yi wa yaro namiji fyaɗe kuwa? Daga Dakoro.

Ana yi, Malam, har da ƙananan almajirai. A kai shi asibiti a ranar, kada a jira.

Wani maƙwabci ya lalata mini ɗiya mai shekara 12 shekaranjiya. Kakarta ta zaunar da ita cikin ruwan zafi da bagaruwa, ta ce shi ke nan. Dangin mijina na so a sasanta gaban mai unguwa. Ya zan yi? Wata uwa daga Tibiri.

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Na mayar miki da amsa a ranar da saƙonki ya iso, ina maimaitawa nan saboda sauran iyaye.

Ki ɗauke ta yanzu ki kai ta asibiti, ko CSI (ƙaramin asibiti) mafi kusa ko asibitin uwa da yaro na Maraɗi. Akwai maganin da ke tare ƙwayar cutar Sida kafin ta zauna a jiki, amma sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. In ta fara al'ada ko ta kusa, akwai ƙwayar hana ɗaukar ciki, iyakarta kwana 5, kuma da wuri ta fi aiki. Za a ba ta maganin cututtukan sanyi, a duba batun allurar ciwon hanta, a ɗinke in akwai yagewa.

Ruwan bagaruwa ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wallahi abin nan yana ƙona mini rai: a kawo yarinya bayan mako biyu, gabanta ya sale da ruwan zafi, an cusa mata kanwa ko alif, tana zazzaɓi, lokacin maganin Sida ya wuce. Na san kaka da ƙauna ta yi, amma a daina. Magungunan ƴan talla ma kada ta sha.

Kayan da ke jikinta a ranar kada ki wanke su. In da damshi ki shanya a inuwa, ki naɗe cikin takarda, ba leda ba. Wankan da aka yi mata bai hana a duba ta a rubuta takardar shaidar likita ba.

Sasanci kuwa, buhun hatsi da ƴan jakkuna ba sa hana mutumin nan taɓa ɗiyar wani gobe. Dokar hukunta laifuka ta Nijar, a ayarta ta 284, ta sa ɗaurin shekara 10 zuwa 20 kan fyaɗe, in yarinyar ba ta kai 13 ba, 15 zuwa 30. Ana kai ƙara komisariya ko wurin jandarma. Amma asibiti tukuna. Kuma ki gaya mata da bakinki cewa ba laifinta ba ne, kada kowa ya dake ta ko ya tsare ta da tambayoyi.

Za ki iya duba ɗiyar ƙanwata ki gane ko budurwa ce? Daga Tasawa.

A'a. Babu gwajin da ke nuna haka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina shi tun 2018. In kina zargin an taɓa ta, ki kawo ta a yi mata magani.

Shekara 6 ke nan da abin ya same ni, har yanzu ina firgita cikin barci. Ina so in shiga cikin masu neman a gyara doka, amma ina tsoron bakin mutane. Daga unguwar Zariya.

Ɗiyata, firgitar nan ciwo ce da muka sani, kuma tana da magani. Ki zo a haɗa ki da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a yi miki gwajin Sida in ba a taɓa yi ba. In tunanin kashe kanki ya zo miki, ki zo a ranar, ko da dare ne.

Aikin da kike so akwai masu yin sa, irin su ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar. Cikin abin da ake fafutuka a kai har da shekarun aure, domin dokar farar hula ta yarda a aurar da yarinya tana 15, namiji sai 18. Kowace shekara kuma ana gangamin kwana 16 na yaƙi da cin zarafin mata, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba. Ba dole sai kin faɗi sunanki ko kin fito a rediyo ba. Raka wata uwa asibiti cikin kwana ukun farko ma babban aiki ne. Amma ki fara zuwa a duba ki.